Ina Ka Ajiye Lasifikar, Taubashi?

Gaisuwar ubangida zuwa ga bawansa, ɗan gwaggona, Sarkin Bakan Dungass da kewaye, mai hula bakwai kai ɗaya. Ina gajiya, ina iyali, yaya kuma zaman kashe wando? Na ce zaman kashe wando ne don labari ya iske ni har nan Magariya cewa tun ranar 26 ga Maris 2025, da aka rusa jam'iyyun siyasa kaf a ƙasar nan, ba a sake jin muryarka ta wuce zaure ba. Wani mai kabu-kabu da ya ɗauke ni daga tasha ya rantse mini cewa lasifikar nan taka, wadda ta hana mutanen Dogo-Dogo da Malawa barcin rana shekara da shekaru, gwaggo ta jingine ta a bayan ɗaki, kaza na ƙwai a ciki. In gaskiya ne, wannan ne karon farko da abu mai amfani ya fito daga cikinta.

Kada ka fara kumbura. Na san za ka jawo mini tarihin Sosebaki, ka ce sarautarku ta girmi garinmu. Ta girme shi, mun ji. Amma har 2011 in kuna son ganin farfe sai kun yi sammako kun zo Magariya, ku sha ruwan randarmu, ku koma da yamma. Da aka yanka muku gunduma taku, sai kai ya yi girma, har kana ce mini "ku mutanen yamma". Allah ya shirye ka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne bargon nan. Da na je gaida gwaggo bayan sallar layya, ta shimfiɗa mini shi a kan tabarma, na zauna, na dubi ƙasa, sai na ga ina zaune a kan fuskar shugaban ƙasa. Na matsa gefe don ladabi, na faɗa kan fuskar wanda ya kayar da shi. Ashe duk zannuwan kamfen da ka kwaso cikin shekara talatin ta tara, ta kai wa tela ya haɗa mata mayafin sanyi. Ga jam'iyyar Rahama, ga Nassara, ga ruwan hodar Tarayya, ga Hankuri, ga Canji. Nafarko, wato Mahamane Ousmane, da Zaki, wato Issoufou, kafaɗa da kafaɗa, zare ɗaya ya ɗinke su, sulhun da malamai da sarakuna suka kasa yi tela ya gama shi da jika ɗaya. Gwaggo ta ce duk cikin abin da siyasa ta kawo gidan, wannan kaɗai ne bai yi mata ƙarya ba, don ya ce zai yi ɗumi kuma yana yi.

To bari in bi bargon nan ƙyalle-ƙyalle, ka ga ko na yi maka ƙage.

A 1993 kana saurayi, Mahamane Ousmane ya ci zaɓe, ɗan Damagaram ya hau kujera, ka yi rawa har takalminka ya tsinke. Da 'yan adawa suka laƙaba wa wancan zamani sunan "wasoso", kai ne ka ce hassada ce. Da ma'aikata suka yi ta jiran albashi wata da watanni, ka ce laifin karyewar darajar sefa ne na Janairun 1994, kuma a nan kam kana da 'yar gaskiya. Baré ya zo da juyin mulki ranar 27 ga Janairu 1996 ya rufe wannan shafi. Daga baya kuka shiga akushi ɗaya da Nassara, naku yana shugaban majalisar dokoki, Hama Amadou yana firaminista, shekara bakwai ban ji ka ce Hama ya taɓa ko allura ba. Sai ga badaƙalar MEBA a 2006, kuɗin da masu ba da agaji suka zuba don lakwal ɗin yara sun bi iska, ministoci biyu sun shiga hannu. Ranar 31 ga Mayu 2007 majalisa ta kayar da gwamnatin Hama, kai kuwa kafin la'asar ka haddace lissafin alli da littattafai kamar kai ne ma'aji. Yaron da bai taɓa sayen fensir ga 'ya'yansa ba sai kawunsa ya yi magana, shi ne yake kuka da hawaye saboda ilimin yaran Nijar.

Na fi son zancen 2014, don shi ne ranar da na ga bakinka ya mutu a gaban jama'a. A lokacin ka bi ɓangaren Abdou Labo, wanda ya raba gari da Nafarko a zagaye na biyu na 2011 ya koma bayan Issoufou. Aka tayar da maganar jarirai da aka ce an sayo daga Najeriya, sunan Hama ya fito, kai kuwa kamar an ba kura ajiyar nama. A fadar masu shayi ta bakin tasha, ka naɗe rawaninka ka goya shi a baya, kana jijjiga shi kana kukan jinjiri, samari na faɗuwa don dariya. Kana cikin haka wani dattijo mai rediyo a kunne ya ce, "Malam, ai an ce har da ministan noma, mutuminku." Na ga yadda ka kwance goyon nan a hankali, ka mayar da shi kai, ka ce shari'a sai a bar wa alƙalai. Shekara biyu bayan nan ka koma gida ka sa hular Hankuri, Hama yana kurkukun Filinge yana takara daga can, ya zo na biyu, sai ga ka kana kiransa wanda aka zalunta. A 2020, da kotu ta hana shi takara saboda hukuncin shekara ɗaya na wannan shari'a, ya ce a zaɓi Nafarko, ka ɗaga shi zuwa matsayin waliyyi. Mutumin ya rasu a Oktoban 2024, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Ubangijinsa yana cewa siyasa ce aka yi masa. Shi dai maganarsa ɗaya ce tun farko. Taka ce ta yi kala huɗu.

Ka ga, a ƙasashen Turawa abin nan da kake yi sana'a ce mai ofis da albashi. A Amurka a 1964 mutanen Shugaba Johnson suka nuna wata 'yar yarinya tana ƙirga ganyen fure, ƙirgar ta koma ta harba makami, sai bam ɗin nukiliya ya tashi. Ba su ko ambaci sunan abokin hamayyarsa Goldwater ba. Sau ɗaya suka biya aka nuna tallan a talabijin, har yau ana karanta shi a jami'a. Wannan habaici ne irin na kishiya mai hankali, wadda za ta yi magana da kaza a tsakar gida amarya ta kwana tana kuka. Kai kuwa naka salon na maƙwabtanmu ne na kudu. Ka tuna Janairun 2015, da gwamnan Ekiti Fayose ya sayi shafin farko na jaridu ya jera hotunan Murtala da Abacha da 'Yar'aduwa, ya sa na Buhari da alamar tambaya? Ka kawo hoton a waya kana nuna wa mutane kana cewa ga gwaninta. Buhari ya ci zaɓen, ya yi shekara takwas ɗinsa cur, ya sauka da ƙafarsa.

Mu nan ba mu da shafin jarida, talabijin kuwa sai an kawo wuta. Tallanmu na ɓatanci a bayan a-kori-kura yake tafiya ranar kasuwa, da batir da janareta da mutum irinka. Yana cikin memorin da yaro mai cajin waya ke loda wa mutane waƙoƙi a rumfarsa, dala ashirin a cika maka da zambo. Yana cikin saƙon murya na WhatsApp mai farawa da "jama'a ku saurara da kyau, wannan sirri ne", wanda kafin azahar ya je Wacha da Bande ya dawo, an ƙara masa gishiri a kowace tasha. Ni ban ce zambo haram ne ba. Tun zamanin kakanninmu maroƙi ne ke faɗa wa mai sarauta abin da fadawa ke tsoron faɗa, kuma ɓarawon da ya san za a yi masa waƙa yakan rage hannu. Abin da ke damuna da naka zambon shi ne ba ya son a kama ɓarawo. So yake ɓarawo ya tashi ya ba mai gidanka wuri.

Ga hujjata. A Disambar 2019 aka kashe sojojinmu 71 a Inates, a Janairun 2020 aka kashe 89 a Cinagodar. Wata ɗaya bayan haka binciken ma'aikatar tsaro ya fasu: kayan yaƙi da aka ninka wa farashi, wasu an biya ba a kawo ba, asarar da aka ƙiyasta sefa miliyar 76. Na san kai da lissafi sai a hankali, to bari in sauko maka da shi. Jika miliyan 76 ke nan. In aka zaunar da kai kana ƙirga jika ɗaya kowace daƙiƙa, ba ci ba sha ba barci ba zuwa fada, sai ka yi kusan shekara biyu da wata biyar kafin ka gama. Waɗanda suka fito zanga-zanga a Yamai ranar 15 ga Maris 2020 saboda wannan magana, irin su Moussa Tchangari da Maikoul Zodi, su ne suka kwana a kurkuku. 'Yar jarida Samira Sabou ta yi makonni a tsare a kan rubutun da ta yi a Facebook. Wannan fa nama ne har da romo aka ajiye wa duk sojan baka na adawa a shekarar zaɓe.

Me ka yi da shi? Kwana biyu ka yi kana cewa "miliyar saba'in da shida", ka lura mutane suna hamma, don ba wanda ya taɓa ganin miliyan ɗaya balle ya ji zafin miliyar. Rana ta uku ka jefar da shi ka ɗauko wanda ke kawo tafi: wai Bazoum, ɗan takarar Tarayya, ba ɗan ƙasa ba ne, a duba fatarsa, a tambayi inda aka binne cibiyarsa. An kai maganar kotu, kotu ta yi watsi da ita, kai ba ka yi ba. A nan ne, taubashi, dariyata ta tsaya. Kai ne za ka tambayi wani takardar asali? Kai da kowace Alhamis kana kasuwar Maigatari kana ciniki da naira, uwargidanka 'yar can ce, rabin danginmu suna Babura da Baure, kuma in aka zazzage aljihun rigarka ta sallah ban rantse katin zaɓe ɗaya za a samu ba? Mu da iyakar nan ta ratsa ta tsakiyar gonakinmu, har gwamnan Damagaram da na Maradi suka je Kano a Janairun 2019 suka tsaya a dandalin kamfen Buhari, mu ne mafi ƙarancin haƙƙin fara wannan waƙa. Ranar da aka fara auna ɗan ƙasa da ma'aunin da ka ɗauko, kai da ni duk a shingen iyaka na Tinkim za a tsayar da mu.

Su ma masu ruwan hoda ba su bar ku kun sha ruwa ba. Nasu sojojin bakan suka tono wasoso, suka tono albashin 1994, suka ce mutumin da aka gwada aka gani me zai canja. Aka yi zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairu 2021, 'yan jihar Damagaram biyu suna neman kujera ɗaya, aka ce Bazoum ya samu kashi 55 da 'yan kai, naku ya ce shi ya ci, aka yi ƙone-ƙone a Yamai, aka yanke intanet kwana goma. Kwana goman nan su ne hutu mafi tsawo da kunnuwan Dungass suka taɓa samu. Miliyar 76 kuwa, daga ku har su, ba wanda ya sake yi mata waƙa mai daɗi.

Za ka ce ai ko an faɗa ba ya hana komai, ka kawo mini misalin Kano. Gaskiya ne, a Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta saki bidiyon da aka ce Gwamna Ganduje ne ke cusa daloli a aljihun babbar riga. Shi ya musanta, ya ce haɗi ne. Duk wayar da ke tsakanin Magariya da Kano sai da bidiyon ya kwana a cikinta, har aka raɗa wa mutum suna da shi, kuma a Maris 2019, bayan zaɓen da aka ce bai kammalu ba, ya koma kujerarsa. Na tuna abin da ka ce a lokacin, ba kan dalolin ba, kan rigar: wai ina ma ka san telan da ya yi aljihun.

Nan gida ma haka ake yi. A 2017 jaridar Le Courrier ta fito da takardun miliyar 200 da suka bi ta asusun kamfanin Sopamin zuwa Dubai a cinikin uraniyom na 2011, majalisa ta kafa kwamiti, kwamiti ya ce ba a ci kuɗin ƙasa ba, 'yan adawa suka ce wanki aka yi, magana ta kwanta. An kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA a 2011, an yi shirin Mai Bulala, sojoji sun zo a 2023 sun kafa tasu, COLDEFF. Kowane mulki da tsintsiyarsa yake zuwa. Kai da ka gaji shara ka fi ni sani, tsintsiyar sabon mai ɗaki ta fi ganin dattin wanda ya tashi, ƙarƙashin gadonsa kuwa sai wanda zai gaje shi.

Kuma ka san me ya sa suke zuwa mana da motoci jere-jere duk shekara biyar? Ba don hurar gwaggo ba ne, ko da yake ta isa. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Magariya mutum sama da 577,000, ta ba taku sama da 353,000. Ƙuri'a ce jibge kamar damin gero. A daminar 2018, ƙungiyar likitocin MSF da ke aiki a sashen yara na Magariya tun 2005 ta sanar wa duniya cewa ana rasa yara kusan goma kowace rana, zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun haɗu. Ka san layin matan nan da goyo, daga ƙauyukanku da namu, wasu a amalanke, wasu a ƙafa. Ban ji ka hau a-kori-kura a kan wannan ba. Babu ɗan takarar da zai biya kuɗin esans don a faɗi abin da shi ma in ya hau za a tambaye shi.

Kada ka ce na mai da kaina malami. Laifi tudu ne, kuma nawa ina tsaye a kansa. Ni ma na karɓi sabulu. Na karɓi sukari da ganyen shayi da jika biyu a ambulan, na ce amin da ƙarfi. Akwai wani ɗan takarar dafite, ba zan faɗi sunansa ba don har yanzu muna gaisawa a jana'iza, da ya aza tubalin famfo a unguwarmu sau uku a zaɓe uku. Tubali ɗaya ne, a gidan mai unguwa ake ajiye shi, in lokaci ya yi a wanke shi a fito da shi. Sau ukun ina cikin masu tafi, a na ƙarshe ma ni na riƙe masa lema. Bambancina da kai shi ne ni da jika biyu aka sayi shiruna, kai kuwa da jika biyar aka sayi hayaniyarka, kuma ka ga ko a nan ubangida ya fi bawa arha, abin kunya ne a gare ni.

Yanzu ga shi kasuwa ta watse. Majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi an rusa su tun Afrilun 2024, kwansaye ya koma gona, jam'iyyu sun bi baya. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka cire wa ɗaurin kurkuku kan ɓata suna a 2022, an mayar mata da haƙoranta a Yunin 2024. Tun daga nan, an ce, saƙonninka na murya sun koma "barka da Juma'a" da hoton fure. Mutumin da ya san kuɗin da kowane minista ya ɓoye da lambar ɗakin da ya ɓoye su, yau in aka tambaye shi farashin tiyar gero sai ya waiga hagu da dama ya ce Allah ya kyauta. Shin satar ce ta ƙare a duniya, ko mai ba da kuɗin batir ne ya daina zuwa? Na kuma ji ƙishin-ƙishin cewa ka ɗinka hula ta takwas mai launin tutar ƙasa, kana cewa zancen ƙasa ne. Madalla. Ka dai gaya wa gwaggo ta bar wuri a gefen bargo.

Saura magana ɗaya, ita ce ma babba. Watan cika-ciki na tafe, na san za ka ɗauko tsintsiyarka ka zo karɓar kuɗin shara kamar kullum. Bara jika biyu na ba ka a gaban shaidu, har da goro huɗu, na ce ɗaya naka ɗaya na gwaggo. Da na tambaye ta, ta ce dala ɗari ka kai mata, ka ce wai ubangidanka ya talauce. Saboda haka na kafa kwamitin bincike: ni ne shugaba, ni ne mai gabatar da ƙara, uwargidana ce ma'aji, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Bana sai ka share zaure da gaske, har ƙarƙashin gado, in duba da fitila, sannan a yi maganar kuɗi. Ka taho da rasit. Ka taho kuma da ƙwan da kazar nan ta saka a lasifika, ko guda shida ne, don a ƙa'ida abin da bawa ya mallaka na ubangidansa ne. Ka gaida mini gwaggo, ka ce mata ta riƙa ƙirga ƙwan da kanta.